Dukanci a Kan Allo: Duba ga Koyar da Sana'ar Hannu a Sakandaren Gana

A hutun Ista na 2023 wani yaro daga cikin waɗanda na koya wa ajin baftisma ya zo gaishe ni a gida, nan Mamobi. Yana ajin ƙarshe a babbar sakandare, a sashen zane da sana'ar hannu, dukanci kuwa yana cikin darussan da ya zaɓa. Ya kawo mini abu biyu in gani, littafinsa na rubutu da takalmi ƙafa biyu wanda ya ɗinka da hannunsa. Na fara da littafin. Rubutu ne mai tsabta, shafi bayan shafi. An jera matakan jima tun daga fiɗa har zuwa shafa mai, an zana kayan aiki kowanne da sunansa a ƙasa, an kuma rubuta sunan itacen da ake jima da 'ya'yansa da harshen Latin. Na tambaye shi, na ce, "Ɗana, ka san wannan itace?" Ya ce, "A'a, Malam, a littafi kawai." Na ce masa bagaruwa ce, ga ta can a kasuwar Nima wurin masu sayar da magunguna. Ya yi mamaki ƙwarai. Sa'an nan na ɗauki takalmin. Fatar shago ce, an manne ta da gam, ɗinkin kuwa wani wuri ya matse, wani wuri ya sake. Shekara uku ke nan yana koyon dukanci, wannan ne abu na biyu da ya taɓa ɗinkawa.

Ban kawo labarin nan don in kunyata yaron ko malaminsa ba. Littafin da takalmin su ne suka sa na nemi manhajar da ake koyar da yaranmu da ita na karanta, na kuma yi ta tambayar yaran ikkilisiya da iyayensu. Abin da na gani shi ne zan faɗa, gama mu mazaunan zango, 'ya'yanmu da yawa can ake kai su.

Bari in fara da yabo, domin akwai abin yabo. Ƙasar Gana ba ta manta da sana'ar hannu a takarda ba. Gyaran ilimi na 1987, a zamanin Rawlings, shi ya kawo ƙaramar sakandare da babba, ya kuma sa koyon sana'a cikin karatun kowane yaro. A babbar sakandare aka buɗe sashe guda mai fannoni da dama: zanen hoto, zanen talla da tsara rubutu, saƙa da rini, ginin tukwane, sassaƙa, dukanci, saƙar kwando, da ƙirar kayan ado. Gyaran 2007 ya sa fasahar ƙirƙira a firamare. Daga 2019 hukumar tsara manhaja ta fito da sabon tsari, wanda ya kai ga darasin fasaha da tsara zane a ƙaramar sakandare, aka kuwa fara rubuta jarrabawarsa ta BECE a 2024. A ƙarshen shekarar 2024 kuma 'yan aji ɗaya na babbar sakandare suka soma sabuwar manhaja, inda aka tattara fannonin nan cikin darasin tushen zane da darasin ɗakin aiki, aka ware kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo suka zama darasi na kansu. Duk wanda ya karanta takardun nan zai ga masu rubuta su suna da kyakkyawar niyya. Suna so yaro ya dubi abin da ke kewaye da shi, ya yi tunani, ya yi abu da hannunsa, ya nuna wa jama'a, ya kuma saurari ra'ayinsu. Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Damuwata tana wurin da takarda ta haɗu da aji. A ƙaramar sakandare an ɗora wa malami ɗaya zane, da kiɗa, da rawa, da wasan kwaikwayo. Wa ya iya waɗannan duka? Wanda ya koyi zane a kwaleji sai ya yi ta koyar da zane, in aka zo kan kiɗa ya rubuta bayani a allo yara su kwafa. Wanda ya koyi kiɗa ya yi akasin haka. Wani wurin ma malamin lissafi ne ko na addini ake ba shi darasin don a cika masa sa'o'insa. Jarrabawar kuma a zaure ake yinta, a kan takarda. Malami ba wawa ba ne, ya san abin da za a tambayi yaransa, saboda haka abin da ake iya rubutawa shi zai koyar. Ta haka yaro yakan iya lissafa kashe-kashen ganguna, da inda kowace ta fito, bai kuwa taɓa rataya ɗaya a kafaɗa ba.

A babbar sakandare abin ya ɗan fi, gama jarrabawar WASSCE ta daɗe tana da aikin hannu wanda ɗalibi zai yi cikin kwanaki a jere, masu dubawa su zo su gani. Amma wannan aiki ɗaya ya zama shi ne dukan sana'ar. Tun Satumba 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta, mun kuwa gode, iyalai da yawa a Nima da Mamobi ba su taɓa kai yaro sakandare ba sai a lokacin. Sai dai yaron lissafi alƙalami yake bukata, yaron dukanci kuwa fata, da zare, da rini, da gam, da wuƙa. Uwar yaron da na ambata, mai sayar da koko da ƙosai, ita ta sayi fatar takalmin nan, sai da ta ci bashi. To, wanda aka saya masa fata da bashi ba zai yi gwaji da ita ba, ba zai yanka ya ɓata ya sāke ba. Sana'a kuwa da ɓarna ake koyonta. Kowane ɗan koyo a rumfar tela ya san yawan ƙyallen da ya lalata kafin a ba shi rigar mutum. Sabuwar manhaja ta sa wa darasi guda suna ɗakin aiki. Sunan ya yi kyau, ina dai jiran in ga ɗakin, da teburin, da abin da ke kan teburin.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Sa'ad da nake firamaren mishan, muna da sa'ar aikin hannu kowane mako. Da fari mukan saƙa tsintsiya da mafici da igiya. Daga baya aka ce wanda bai saƙa ba ya sayo a kasuwa, daga baya kuma aka ce a kawo kuɗin kawai, ko ƙwai biyu. Wanda ya kawo ƙwai uku ya fi maki. Mun yi dariyar abin a lokacin, amma darasin da muka koya ya zauna: aikin hannu ba karatu ba ne, abu ne da ake fansa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, gwanayen da yaran nan suke bukata suna nan tare da mu. Zango ba wurin da aka rasa sana'a ba ne. Tun da Malam Amadu Futa ya sauka a Nima a shekarun 1930, baƙi daga ƙasar Hausa da arewacin Gana da Nijar da Mali da Burkina Faso suke zuwa kowa da abin da hannunsa ya iya. Ka bi lungunan nan da safe, za ka ga mai ɗinkin hula, da mai aikin wuyan riga, da maɗinkin fugu, da maƙerin da ke zuba tukwanen dalma, da mai zayyanar allo, da mai kitso, da mai lalle, da mai rubuta allon talla. Akwai dukawa waɗanda kayansu ke cika rumfunan kasuwar kayan gargajiya da ke bakin teku a tsakiyar Ankara, inda baƙi daga Turai da Amurka suke saye. Tsoho ɗaya da ke kusa da gidanmu ya san jima tun daga toka da ake cire gashi da ita, da bagaruwa, da man gyaɗa, har zuwa karan dafi mai ba da ja da kuloko mai ba da baƙi. Abin da yaron ya haddace da Turanci don jarrabawa, tsohon nan ya yi shi da hannu fiye da shekara hamsin. Tsakanin rumfarsa da ɗakin da yaron yake kwana bai kai tafiyar minti biyar ba. Amma ba shi da takardar shaida, ba ya jin Turanci sai na ciniki, saboda haka a idon tsarin makaranta shi ba malami ba ne.

Ba kullum haka abin yake a ƙasar nan ba. A kwalejin Achimota, wadda aka buɗe a 1927, an taɓa gane cewa gwani gwani ne ko bai shiga aji ba. A zamanin da Meyerowitz yake shugaban sashen zane, daga 1937, akan kawo masaƙa da masassaƙa na gargajiya su koyar, Osei Bonsu kuwa, babban masassaƙin fadar Asante, yana cikin waɗanda suka koyar a can. Daga makarantar nan ne Kofi Antubam ya fito, wanda ya tsara kujerar shugaban ƙasa da sandan majalisa, da Theodosia Okoh, 'yar wani babban fasto, wadda ta zana tutar Gana ta 1957. A Alajo, nan maƙwabtanmu, Achimota ta kafa masana'antar tukwane da tayil, wani Bature mai suna Michael Cardew ya karɓi ragamarta a 1942. Ba ta yi tsawon rai ba, a 1945 ta tsaya. Amma labarin bai ƙare nan ba. Daga baya Cardew ya kafa wurin koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a Nijeriya, a 1954 kuma Ladi Kwali ta shiga. Ita ce hotonta yake a takardar naira 20. Abin lura a nan, Ladi ba ta je can da hannu wofi ba. Ta riga ta gwanance da ginin randa a gida, wurin 'yan'uwanta mata, har sarakuna suna neman tukwanenta. Abin da makaranta ta ƙara mata shi ne injin juya yumɓu, da ruwan ƙyalli, da tanderu mai zafi ƙwarai. An ɗora sabo a kan tsoho, shi ya sa ya tsaya. Mu kuwa muna ɗaukar yaron zango mu koya masa kamar gidansu ba a taɓa riƙe basilla ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, gama ba daidai ba ne in tsaya ina nuna gwamnati da yatsa ɗaya, sauran yatsun kuwa suna nuna ikkilisiya. Tun 2005 kwamfuta ce take rarraba yara zuwa babbar sakandare bisa ga makinsu da zaɓinsu. Kowace shekara in sakamako ya fito, iyaye sukan zo wurina da takarda a hannu. Wanda aka sa ɗansa a kimiyya yakan nemi a yi addu'ar godiya ran Lahadi. Wanda aka sa nasa a sashen zane yakan zo da dare, ya ce, "Malam, ko ka san wani wanda zai taimaka a canja masa?" Ba wanda ya taɓa zuwa ya roƙa a fitar da ɗansa daga kimiyya a kai shi zane, ko da yaron ya cika bangon gida da hotuna. Mun mai da sashen nan wurin ajiye waɗanda makinsu bai kai ba, yaran kuwa sun sani. Yaya malami zai koyar da ajin da rabinsa yake jin an jefar da shi ne?

Akwai kuma tsoro, wanda ba a cika faɗarsa a fili ba. Iyayenmu da yawa, Farafara da Dagati da Kusasi da Bulsa da sauransu, sun bar tsafi da wahala kafin su bi Almasihu. In suka ji ɗansu yana sassaƙa siffar mutum, ko yana kaɗa gangar gargajiya, sai gabansu ya faɗi. Ba na raina wannan tsoro, na san abin da waɗansu suka sha. Mishan ɗin farko ma da shi suka zo. 'Yan mishan na Basel, waɗanda suka iso ƙasar nan a 1828, sun koyar da kafinta da ƙira da ɗinkin takalmi a Osu, har almajiransu suka bazu a bakin tekun Afirka ta Yamma, amma ganga da sassaƙa suka bar su a waje. Sai da wani katikis kamata, Ephraim Amu, ya biya tsadar abin. Yana koyarwa a kwalejin horar da malamai ta Akropong, ya shiga koyon waƙa da kiɗan mutanensa, ya hau mumbari da zane a kafaɗa maimakon kwat. Shugabannin ikkilisiya suka ce ya bari, ya ƙi, aka sallame shi, a 1934 ya koma Achimota. Yau waƙoƙinsa ake rerawa a majami'un da suka rufe masa ƙofa, sarewar gora da ya gyara ana busa ta a makarantu, a 2002 kuma aka buga hotonsa a takardar sidi 20,000 ta wancan lokaci. Shekara casa'in ke nan, har yanzu waɗansunmu ba su gama shawarar da aka yi a kansa ba.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. A Fitowa sura 31 Ubangiji ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar itace da dutse. Sura ta gaba, 32, ita ce ta ɗan maraƙin zinariya. Zinariya ɗaya ce, wuta ɗaya ce, gwaninta ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne wanda aka yi wa aikin. A sura 35 kuma an ƙara wani abu wanda ya shafi zancenmu kai tsaye, wato an ba Bezalel da Oholiyab baiwar koya wa waɗansu. Koyar da sana'ar hannu ke nan, ba kuwa da allo da alli suka yi ba. Murfin alfarwa ma da fatun raguna da aka rina ja aka yi shi, aikin majema da marina. Sa'ad da Sulemanu zai gina Haikali, daga Taya ya ɗauko gwanin tagulla, Sidoniyawa kuma suka saro masa katako, domin sun fi mutanensa iyawa. Bitrus kuwa a Yafa gidan majemi ya sauka kwana da kwanaki. In manzo bai ji ƙyamar warin jima ba, ban ga dalilin da mu za mu ji ba.

Waɗansu masu kāre darasin nan sukan kawo hujjar kuɗi. Sukan ce, dubi Amoako Boafo, ɗan Ankara, wanda aka sayar da zanensa guda a Landan a Fabrairu 2020 a kan fam 675,000, ko Ibrahim Mahama na Tamale wanda duniya ta san shi da aikin buhunan koko da gawayi. Gaskiya ne, muna kuwa murna da su. Amma ba na son hujjar nan, gama ta yi kama da ta mai caca. Uba mai hankali ba zai sa ɗansa a hanya don mutum ɗaya cikin dubbai ya yi arziki a kanta ba. Hujjar da ta fi ƙarfi tana kusa da gida. Yarinyar da ta iya rini da ɗinki sosai ba za ta kwana da yunwa a Ankara ba. Yaron da ya iya tsara rubutu da hoto a kwamfuta, masu buga takardun biki da na jana'iza a New Town suna nemansa. Bangayen Nima kansu shaida ne. Tun wajen 2011, shekarar da aka fara bikin zanen titi na Chale Wote a Jamestown, samarin unguwar nan suka haɗu a ƙungiyar da suka sa wa suna daga kalmarmu ta muhimmanci, suna zana bangaye suna koya wa ƙanana. Moh Awudu, wanda zanensa yake a manyan hanyoyin birni, ɗan Nima ne. Ka tsaya ka ga yadda suke koyarwa: babba yana kan tsani, ƙarami yana riƙe da gwangwanin fenti, gobe a ba shi kusurwa ɗaya ya cika. Hanyar rumfar tela ce, hanyar maƙera ce, ita ce kuma makaranta ta rasa.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. A ba shugaban makaranta izini da ɗan kuɗi ya ɗauki gwani daga unguwa, ko da yini ɗaya a mako, ya tsaya tare da malamin aji, ɗaya da hannu ɗaya da littafi. A lissafa wa ɗalibi sa'o'in da ya yi a rumfar gwani cikin makinsa. A sayi kayan gwaji a dunƙule tun aji ɗaya, kada a jira shekarar jarrabawa. Ikkilisiyoyin da suke da makarantu su fara, gama ba sai sun jira kowa ba. Ɗakunanmu na makarantar Lahadi a kulle suke kwana shida a mako, kuma kowace shekara muna biyan kuɗi a waje don tutar girbi, da rigunan mawaƙa, da gyaran ganguna, alhali masu koyon waɗannan ayyuka suna zaune a bencin baya.

Kafin hutun ya ƙare na ɗauki yaron da takalminsa muka tafi wurin tsohon nan baduku. Muka gaisa, na ce, "Baba, ga ɗanka na kawo, dukanci yake karantawa." Ya yi murmushi a kan kalmar karantawa, bai ce kome ba. Ya karɓi takalmin ya jujjuya shi, ya sa babban yatsa ya ɓamɓare gefen da aka manne, ya dubi ɗinkin. Ya ce, "Malam, yaron yana da ido, yankansa daidai ne. Hannun ne ba a ba shi aiki ba." Ya miƙa masa guntun fata da basilla ya ce ya ɗinka layi guda. Yaron ya ɗinka, tsohon ya warware, ya ce ya sāke. Sau huɗu suka yi haka ina zaune. Da za mu tashi ya ce in yaron yana so, ya riƙa zuwa ran Asabar, ba ya neman kuɗi, gama 'ya'yansa biyu babu wanda ya gāji sana'ar, ɗaya yana tuƙin babur, ɗaya ya tafi Libiya.

Uwar yaron ta ƙi. Ta ce ta san rumfar, layu ake ɗinkawa a ciki, ita kuwa ba ta ƙone nata layun a ranar baftismarta don ɗanta ya je ya ɗinka na waɗansu ba. Na koma na faɗa wa tsohon yadda ta faɗa, ban rage kome ba. Ya ce ta yi gaskiya, shi ma ba zai sa ɗan Kirista ya ɗinka laya ba, akwai takalma da jakunkuna da kube da za su ishe shi shekara biyar. Na kai mata amsar. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce a bar ta ta yi shawara da matan zumunta. Sai bayan jarrabawa ta yarda, da sharaɗi cewa ni da kaina zan riƙa leƙawa. Ina leƙawa. Takalmin da na sa ran Kirsimati da ya wuce shi ya ɗinka, na kuwa biya cikakken kuɗinsa.